Shaidar Wurin Zama

Matar da ke bayan gilashi ta turo mana takardar wutar da ɗan yatsa ɗaya, a hankali, sannan ta ɗago ido ta dubi mijina.

"Wane ne Midhat?"

"Ƙanina ne," in ji Sarwat, ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

Kwat ɗin aurenmu ce. Rabon da maɓallanta su haɗu a kan tumbinsa tun kafin a haifi 'yarmu Wafa, amma ya rantse da ita za a ɗauke shi hoton lasin tuƙi. Tun da ya idar da sallar asuba yake gaban madubi yana daidaita gashin baki da ɗan almakashi, har sai da na ce masa, "Abu Wafa, lasin za su ba ka ko amarya?" Ya ce in jira in gani, ranar da katin ya fito ko gaisuwa sai na bi layi.

"To ƙanin naka ne ke zaune a wannan gidan," in ji matar.

"A'a, ni ne a ciki. Shi yana wata unguwa."

"Amma sunansa ne a nan."

"Sunansa ne. Gidan kuma nawa ne."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɗaure fuska ba. Dattijuwa ce baƙar fata, tabarau rataye a wuyanta da 'yar sarƙa, kuma da gani ta saba jin irin wannan magana. Ta jera sauran takardun a gabanta tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Fasfon Masar, sabo fil, ya yi. Takardar haihuwa da fassararta, sun yi. Takardar rantsuwa cewa ba shi da lambar nan da gwamnati ke bai wa 'yan ƙasa da masu izinin zama, wadda mu a tsakaninmu "lamba" kawai muke ce mata, ita ma ta yi. Wannan ce ma ta fi ba ni mamaki. Abin da muka shekara ashirin da 'yan kai muna ɓoyewa ko ga likita, yau an ce mu rubuta shi da hannunmu, za a ba mu lasin.

"Saura abu ɗaya," ta ce. "Shaidar wurin zama. Takardar haya, ko ta wuta, ko ta banki, ko wasiƙar da wata hukuma ta aiko maka gida. Guda ɗaya ta isa, amma sunanka da adireshinka su fito tare."

Sarwat ya zazzage ledar da ya zo da ita a kan kanta. Ya san abin da ke ciki, ni ma na sani, amma ya shiga juya takardun yana lasar yatsa, ko Allah zai sa wata ta canja suna a hanya. Ta ruwa, Midhat. Ta gas, Midhat. Harajin gida, Midhat. Layi ya yi tsawo a bayanmu, wani ya fara tsaki. Na ga gumi yana gangarowa ta bayan kunnensa yana shiga wuyan kwat ɗin, alhali a waje dusar ƙanƙara ce ke zuba.

A tagar kusa da mu wani ɗan Meziko ne, wandonsa duk fenti. Ya miƙa wata yamutsattsiyar takardar hayar ɗaki guda, aka buga mata hatimi, aka nuna masa kujerar ɗaukar hoto. Mu masu gidan sama da bishiyar ɓaure a baya, muka tattara ledarmu.

"Ka samo ka dawo, malam," in ji matar, murya ƙasa-ƙasa. "Ba kai kaɗai ba ne."

Na san da alheri ta faɗa. Muka fita muka nufi tashar bas. Sarwat ya cire kwat ɗin a cikin wannan sanyin, ya naɗe ta ya cusa a ledar tare da takardun.

* * *

Duk wanda ya shigo Amurka da bizar ziyara ya zarce, akwai karatun da ake fara biya masa a ƙofar masallaci tun kafin a nuna masa shagon naman halal: kada ka yarda sunanka da ƙofar gidanka su haɗu a takarda ɗaya. In asibiti suka tambaya, ka ba su adireshin masallaci. In makarantar yara ce, ka sa sunan ɗan'uwa mai takarda. Sarwat ya haddace wannan karatu fiye da kowa a Bayonne, garin da muke zaune. Ko a akwatin wasiƙun ƙofarmu sunan Midhat ne, da haruffan da Sarwat ya manna da hannunsa.

Shi ya sa ranar da ɗan sanda ya tsayar da shi saboda fitilar baya da ta mutu, ya kuma same shi ba lasin, yana cikin motar gidan gurasar da yake wa aiki, bakinsa bai tsaya shawara da shi ba, ya ba da adireshin gidan gurasa. Can sammacin kotu ya je. Wasiƙar hukuma guda ɗaya tak da aka taɓa rubuto masa a ƙasar nan da sunansa, ta tafi bakin tanderu.

Alƙalin bai tsananta ba. Ya ce tunda yanzu doka ta buɗe wa marasa lamba ƙofa, ya je ya yi lasin ya kawo a zama na gaba, a kashe magana. In kuwa ya dawo hannu rabbana, wannan ne kamu na biyu, za a rubuta masa laifi a ɗauki hoton yatsunsa. Mu mun san inda hoton yatsu yake kai mutum. Mun ga mazan da aka wuce da su da kayan aiki a jikinsu, matansu suka koma tura musu hotunan yara ta waya. Wafa a nan aka haife ta, shekararta goma sha uku, Masar a waya kawai ta santa.

Gidan kuwa ga yadda aka yi. Sarwat ne ya reni Midhat bayan rasuwar mahaifinsu. Daga gaban tanderun nan ya riƙa aika kuɗin makarantarsa har ya gama jami'a a Mansura, can Masar, sannan Allah ya ba yaron sa'a, sunansa ya fito a cacar biza. Ya sauka a ƙasar nan da takarda a aljihu, abin da yayansa bai taɓa riƙewa ba. A kan kujerar falonmu ya fara kwana. Ni na wanke masa safa, ni na koya masa hawa bas, ni na raka shi ganin yarinyar da ya aura.

Da muka tara abin da muka tara, na cire awarwaron zinaren da mahaifiyata ta sa mini ranar da zan taho na haɗa a kai, sai banki ya ce ba ya hulɗa sai da mai lamba. Wa muke da shi in ba Midhat ba? Muka zauna mu uku a kan shayi, aka ɗaga hannu aka karanta Fatiha: suna na Midhat, gida na Sarwat, duk wata mu ba shi abin da banki ke karɓa, ranar da Allah ya gyara mana takardu a mayar da suna. Na ce ko a bayan kwalin shayi ne a rubuta, kowa ya sa hannu. Sarwat ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Takarda? Tsakanina da yaron da nake ɗauka a wuya in tsallaka da shi magudanar ruwa zuwa makaranta? Inshirah, ki ji tsoron Allah."

Sai da ya yi kwanaki yana cin girkina ba ya yabawa. A shekarar ne ya karɓo reshen ɓaure wurin wani tsoho ɗan Italiya maƙwabcinmu, ya dasa a bayan gida. Duk shigowar sanyi sai ya naɗe bishiyar da tsohon bargo ya ɗaure da igiya. Duk fitar sanyi ya kwance ta, ya tone ƙasar gefenta ya watsa irin lalo.

* * *

Ranar Juma'a na yi miyar lalo da zomo, abincin da Midhat ke mutuwa a kai, na soya tafarnuwa har maƙwabta suka san muna da baƙo. Ya iso da la'asar cikin doguwar motarsa, carbi a hannu. Alhaji Midhat ake ce masa yanzu. Ya je Makka, yana zuwa gida duk shekara, shi ne ya saka mahaifiyarsu a kabari yayin da Sarwat ke kallo ta waya, tsaye a bayan gidan gurasa, fulawa har gwiwar hannu.

"Matar Yaya, wallahi wannan lalon ko a Mansura sai an tona."

"Kai ka san Mansura, Alhaji. Mu sai dai a ba mu labari. Miƙo farantin."

Na ɗora masa cinyar zomon, na ƙara masa ta biyu, wadda ta Sarwat ce. Ina yi ina jin kunyar hannuna. Yaron da na sha kora daga bakin tukunya da ludayi, yau ni ce nake masa murmushin neman alfarma, har kumatuna suna ciwo.

Sarwat ya yi zancen sanyi, ya yi zancen tsadar fulawa, ya yi zancen ƙwallo. Sai da na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur sannan ya ajiye kofin shayi.

"Midhat, wata 'yar alfarma ce. Mutanen lasin suna son takardar da za ta nuna a nan nake kwana. Layi biyu kawai, ka ce ni ne a gidan, ka sa hannu."

"Shi ke nan? Haba Yaya, ai ko raina ka nema." Ya ja carbin nan yana kallon silin. "Sai dai ka san lokacin da muke ciki. In na rubuta da hannuna cewa na ajiye marar takarda a gidana…"

"Gidan wa?" na ce.

"Gidan da sunana yake kai nake nufi, matar Yaya. Ke dai ba a iya miki." Ya yi dariya shi kaɗai. "Ku bari in ji ta bakin lauyana. Komai a yi shi a kan tsari. Don kare Yaya ne ma."

"Lauya," na ce. "Ikon Allah. Midhat ɗin da bai san ramin da ake jefa kuɗin bas ba."

"Ummu Wafa," in ji Sarwat, bai ɗago ba. "Kawo masa gurasar da zai tafi wa yara da ita."

Na kawo. Ya karɓa kamar kullum, ya sumbaci kan yayansa a bakin ƙofa, ya tafi.

* * *

Ba mu zauna jiransa ba. Banki suka ce za su buɗe wa Sarwat asusu da fasfo, amma ya kawo shaidar wurin zama. Kamfanin wuta suka ce za su sauya suna, amma sai mai gida ya kira su, ko a kawo takardar haya. Ko'ina muka je, abin da muka je nema shi ake cewa mu fara kawowa. Ranar kotu kuwa tana ta matsowa. Sarwat ya ajiye motar, ya koma tafiya aiki a ƙasa cikin ƙanƙara, abinci ma sai na tsaya a kansa.

Sannan takardar Midhat ta iso. Layi biyun da aka roƙa ya zama shafuka, an maƙale su da ƙarfe. Muka kai wa Ustaza Dalal, lauyar da ke zama a ɗakin karatun masallaci ranar Lahadi tana duba wa mutane takardu kyauta. Ta karanta, ta koma baya ta sake karanta wani wuri, sannan ta ajiye.

"Baffa, gidan nan da kuɗin wa aka saya?"

"Nawa. Da zinaren wannan."

"Akwai inda aka rubuta?"

"Mun karanta Fatiha."

"Allah ya karɓa. Amma alƙalin nan ba ya jin Larabci." Ta juyo da takardar ta fuskance mu. "Wannan takardar haya ce ta shekara ɗaya, sabuntawa sai mai gida ya ga dama. Abin da kuke ba shi duk wata ya koma kuɗin haya. Duk wannan da sauƙi. Ga inda maganar take." Ta ɗora yatsa a kan wani layi. "Nan an ce ɗan haya ya shaida bai taɓa sa ko sisi a sayen gidan ba, kuma ba shi da wani haƙƙi a cikinsa, yanzu ko nan gaba. Ofishin lasin ba ya buƙatar wannan layin, Baffa. Wanda ya sa shi, don kansa ya sa."

"Lauyansa ne ya rubuta," in ji Sarwat da sauri. "Kin san halin lauyoyi. Ba da ke nake ba, 'yata. Shi yaron ina jin bai ma karanta ba."

Ta dube ni. Na dubi takalmina.

"Yau in ka kai shi ƙara," ta ce, "da shaidu, da wahala, kana da abin faɗa. In ka sa hannu a nan, ka rufe bakinka da kanka. Sai dai shari'ar gida shekaru take ci, taka kuwa ga ta a bakin ƙofa. In ka je ba lasin, ban ce za su ɗauke ka ba, ban kuma ce ba za su ɗauke ka ba. Wannan zaɓin ba zan yi maka ba."

A hanyar gida na ce mu je wurin liman, a tara dattawa, a kira Midhat ya maimaita Fatihar nan a gabansu in ya isa. Sarwat ya tsaya cak a gefen titi.

"In ce musu me? In ce ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya yana so ya cinye mini gida? Gobe 'ya'yansa su shiga masallaci ana nuna su da baki? Sunan mahaifina ne a kansa, Inshirah. Shi ne kuma a kaina, shi ne a kan Wafa."

"To sunan zai rufe mu in aka watso mana kaya waje?"

Ya ci gaba da tafiya, na bi bayansa ina maganata ni kaɗai.

* * *

Midhat ya zo da biro a aljihun gaba. A kan teburin nan dai da aka karanta Fatiha muka zauna, wannan karon ba lalo, ba zomo. Wafa tana makaranta, da gangan muka zaɓi lokacin.

"Alhaji," na ce, na sassauta murya iya ƙarfina, "akwai layi ɗaya da ya shigo bisa kuskure. Soke shi, sauran mun yarda."

"Lauya ya ce ko duka ko babu, matar Yaya. Ni ban san kan waɗannan abubuwan ba."

"Ka gama jami'a ba ka san kan layi ɗaya ba? To ni da ban wuce firamare ba bari in fassara maka. Cewa ya yi yayanka maƙaryaci ne, zinaren uwata kuma mafarkinsa na yi."

Fuskarsa ta yi jawur. "Ke kin san abin da na ɗauka? Shekara da shekaru bashin banki yana wuyana. Da an kwashe ku, wa za a bi? Na je sayen gidan kaina aka ce ai ina da wani, aka tsauwala mini. Ni ma na kwana da tsoro, ni ma ina da 'ya'ya. Kuma wa ya ce zan kore ku? Takarda ce kawai, Yaya. Wallahi takarda ce kawai."

"Ranar da na ce a rubuta, cewa aka yi takarda zagi ce. Yau ta zama kawai?"

"Ya isa, Ummu Wafa," in ji Sarwat. "Maƙwabta na ji."

"Su ji mana! A buɗe tagogin ma!"

"Na ce ya isa."

Ya juya wurin ƙaninsa.

"Midhat, ka karanta ta?"

Midhat ya ci gaba da jan carbi.

"Dube ni. Ka karanta?"

"Na karanta, Yaya."

Na zaci Sarwat zai mare shi, wallahi na so ya mare shi. Sai na ga ya sunkuyar da kai, shi da aka cuta, kunnuwansa sun yi ja kamar shi aka kama da hannu a aljihun wani. Ya ɗago ya dubi ƙusar bango inda rigar sanyin Wafa ta bara take rataye, sannan ya miƙa hannu ya zare biron daga aljihun ƙaninsa. Ya rubuta sunansa cikakke, har da na uba da na kaka, harafi bayan harafi, a ƙarƙashin adireshin gidanmu. Wannan ne karo na farko da na ga sunan da ƙofar a wuri ɗaya.

Midhat ya sa nasa hannun, ya bar mana kwafi, ya miƙe. A bakin ƙofa ya yi kamar zai sumbaci kan yayansa, ya fasa.

"Ummu Wafa, kawo masa gurasar yara."

"Babu," na ce. Ga ta nan cike da kwando a kan firji, kowa yana gani.

Ya tashi da kansa ya zuba a leda ya miƙa masa. Midhat ya karɓa, ya sauka matakala bai waiwayo ba.

"Har da gurasa?" na ce bayan ƙofa ta rufu. "Me ya rage, ka bi shi da tukunyar?"

"Yaran ba su yi mini komai ba." Ya zauna a kujerar falo, wadda Midhat ya kwana a kai, ya dafe gwiwoyinsa. "Da baƙo ne ya yi mini, zafi kawai zan ji, in yi ta faɗa har in huce. Wannan kunya nake ji, Inshirah. Ni na rene shi. In ya fito haka, a hannun wa ya tashi?"

Ina da amsoshi a bakina, masu kaifi. Na haɗiye su na shiga kicin na buɗe famfo don kada ya ji ina kuka.

* * *

Dattijuwar nan muka sake samu a ofishin lasin. Ta duba takardar hayar, ta buga hatimi, ta ce, "Ka gani? Dama na ce za ka samo." Ranar da aka ɗauki hoton da rigar aiki ya je, gashin baki yadda ya kwana. Mai hoto ya ce ya yi murmushi, ya yi ƙoƙari, abin bai fito ba. Gwajin tuƙi kuwa ko minti na banza bai ɓata musu ba, mutumin da ya tsufa yana tuƙi da tsoron kuskure. Ranar kotu, alƙali ya juya katin gaba da baya, ya rufe fayil, ya kira na gaba. Da ya fito ya jingina da bangon kotu ya ce alhamdu lillahi, ni ma na ce, kuma har zuciya muka faɗa. Da yamma Wafa ta karɓi katin tana tsalle tana cewa gobe sai ya kai ta makaranta a mota, a gaban kowa.

Juma'ar da ta biyo baya labari ya riga mu isa masallaci. Maza suka kewaye shi suna masa barka. Ina jiyo wani dattijo daga bayan labule yana cewa, "Allah ya yi wa Alhaji Midhat albarka. A wannan zamanin ba kowa ne zai sa hannunsa a takarda saboda ɗan'uwa ba." Na kasa kunne in ji abin da mijina zai ce.

"Amin," ya ce.

A ɓangaren mata ma haka aka yi ta yi mini, ni ma na yi ta cewa amin, bakina yana ɗaci. Ummu Ragab ce kaɗai ba ta yi mini barka ba, wadda kowa ya san shagon ɗinkinta da sunan mijin 'yarta yake. Ta matse hannuna, muka haɗa ido, kowace ta yi sauri ta kawar da kai.

Da ƙanƙara ta narke, wata Lahadi ina wanke-wanke na hango shi ta tagar kicin. Ya kwance igiyar ɓauren, ya cire bargon ya kakkaɓe ya ninke. Bishiyar ta fara fitar da 'yan idanu kore. Na jira in ga ya ɗauko fartanya ya tone gefenta kamar kowace shekara. Sai na ga ya fita wurin mota ya shigo da fararen bokitan man shanu na gidan gurasa, waɗanda ake zubarwa, da buhun ƙasa da ya sayo a kanti. Ya huda gindin kowane bokiti da ƙusa, ya cika shi da ƙasar kanti, ya watsa irin lalo ya yayyafa ruwa. Na ƙarshen ya bar shi. Ya zagaya bishiyar yana dubawa, ya zaɓi reshe mai kyau, ya yanke da wuƙa, ya soka a ciki ya danna ƙasar da babban yatsa.

Na goge hannuna na fito.

"Abu Wafa, ga ƙasa shimfiɗe a gabanka, me ya kai ka bokiti?"

Bai dube ni ba. Ya kama mariƙin bokitin ɓauren ya ɗaga, ya jinjina nauyinsa, ya taka da shi har bakin ƙofar baya ya ajiye kusa da sauran.

"Wannan ya fi sauƙin ɗauka," ya ce.